Koren Layi a Kumbashi

"Kwamfutar nan ta yi kuskure," in ji shugabana a ofishin gandun daji na Kontagora, ya turo mini taswirar. "Daji ba ya tsirowa a miƙe kamar zare. Ka goge layin nan, ko in ba wa wani aikin."

Wata shida na yi ina koya wa na'urar yadda za ta bambanta itatuwa da gona a hotunan tauraron ɗan'adam. Da ta gwada hoton 1976 da na 1995, ko'ina ja ta shafa, alamar an sare. Sai wani siririn layi kore kusa da Kumbashi, wanda a da babu shi.

Ban goge ba. Na hau babur na nufi Kumbashi.

Ashe mangwaro ne manya-manya, a jere tun daga bayan wani gida har bakin rafi. Na tsaya baki buɗe. Wata tsohuwa tana shara a ƙarƙashinsu.

"Inna, wa ya shuka waɗannan?"

"Ni ce, ɗana. Shekarar da maigidana ya makance, ya rantse ba mai jansa da sanda zuwa lambunsa. Sai na dasa masa su, taku goma-goma, yana dafawa yana wucewa."

Na nuna mata taswirar, na ce daga can saman gajimare aka ɗauko hoton.

Ta daɗe tana bin koren layin da yatsa.

"Ikon Allah! Har daga sama ana hango su? Shi kuwa shekara goma sha takwas yana bin su, ya rasu bai ga ko ganye ɗaya ba."