Randar Empiang Ta Yi Shiru

Empiang ta durƙusa ta manna kunnenta a jikin randa, kamar yadda take yi kowace shekara. Kwana ashirin da uku ke nan da ta zuba dafaffiyar shinkafa da yis da ruwan sukari, ta ɗaure bakin da ganye. Saura kwana shida a yi bikin fita daga makokin mijinta, Unggat. Tuwak ɗin, wato giyar shinkafa, da za a zuba masa a ƙasa, da wanda baƙi za su sha, duk yana cikin randar nan guda.

A dogon gidanmu na bisa turaku, mai ƙofa talatin, kowane iyali da ƙofarsa, ba wanda bai san ƙa'idar ba. Muddin giyar shinkafa tana tsima, randa tana wata 'yar tsuwwa siririya a ciki. Sai ta yi shiru ake ɗurawa. Ka yi gaggawa kwalabe su fashe, ka yi jinkiri ta koma ruwan tsami. Buɗewa a leƙa kuwa ba a yi, iska na ɓata ta. Kunne ne ma'auni, kuma da kunnen Empiang ake misali har ƙauyukan gangaren kogi.

Tun da aka binne Unggat ba ta yi kuka ba. In an miƙo abinci ta ci, in ba a miƙo ba ta zauna. A kira ta tana tafiya, ko waiwaye. Muka ce baƙin ciki ne, muka ƙyale ta. Dama can ba mai magana ba ce, shi ne sarkin surutu. Ko me aka faɗa a baranda sai ya juya ya maimaita wa matarsa, baki wage, kamar ba ta wurin. Mun sha yi masa dariya a kan haka. Ko wurin randa ba ya barin ta. Tana durƙushe, yana tsugune a bayanta, kansa kusa da nata, hannunsa a kafaɗarta. Mai gadin randa muke ce masa, shi kuma ya amsa.

'Yarsu Lulong, wadda ta zo daga birni saboda bikin, ta sha gaban uwarta ta fito da wani siririn gilashi mai lambobi.

"Inna, ga abin da na kawo miki. Kaɗan za a ɗiba a jefa shi ciki. Lambar da ya tsaya a kai ita za ta gaya miki ko ta gama."

Empiang ta karɓa. Ta daɗe tana juya shi, tana bin lambobin da ɗan yatsa, har muka fara kallon juna.

Sulah, maƙwabciyarta ta ƙofa ta gaba, ta kwashe da dariya. "A buɗe randa a ɗiba? Ke 'yar nan, birni ya juya miki kai! Kunnen da ya shekara arba'in bai taɓa kuskure ba, shi za ki kawo wa tsinken gilashi? Ajiye abinki ki riƙa motsa shayi."

Empiang ta kalli bakin Sulah, ta kalli matan da ke dariya. Ta miƙa wa 'yarta gilashin.

Ta sake manna kunne. Ta daɗe fiye da kullum. Muna tsaye muna jira, ta ɗaga hannu ta dafa kafaɗarta, ta bar shi a nan.

"Ta yi shiru," in ji ta, da murya mai ƙarfi fiye da yadda ɗakin ke bukata.

Aka tace, aka fara ɗurawa. Lulong ta ɗanɗana ta yamutsa fuska. "Gwaggo Sulah, anya? Zaƙin nan bai yi yawa ba?"

"Na uwarki dama mai zaƙi ne. Riƙe kwalba ki yi shiru, malamar giya."

Kwalba arba'in da biyu aka cika, aka toshe su tam, aka jera a jikin bangon baranda. Kowa ya wuce sai ya ƙirga ya yaba. Empiang ba ta ko kalle su ba.

Ana gobe biki, rana ta take, kwanon rufi ya ɗauki zafi. An yanka aladu, baƙi sun fara sauka daga kwalekwale. Empiang tana zaune a baranda tana tsintar shinkafa a faifai, ta ba kwalaben baya, tsakaninsu bai fi taku biyar ba.

Kwalba ta farko ta tashi kamar bindiga. Karnuka suka watse, kaji suka yi ƙarƙashin gida, mata suka kwashi yara suka yi ƙofa. Ta biyu ta bi, ta uku ta ɗauki na kusa da ita. Gilashi yana tsalle har rufi, warin tuwak ya cika gidan. Sulah ta toshe kunnuwa ta durƙushe.

"Inna! Inna, tashi!" Lulong tana ihu daga bakin ƙofa har muryarta ta dushe.

Empiang ta cire tsakuwa ɗaya daga shinkafa ta yar. Ta cire wata. Ni dai a lokacin ba tsoro na ji ba, tsayawa na yi ina kallon bayanta.

Sai da ruwan ya gangaro ya taɓa ƙafarta ta sunkuya. Ta dangwala yatsa ta shinshina, sannan ta juya a hankali. Kwalba huɗu ne suka rage a tsaye. Ta ƙirga su da ido, fuskarta ba ta canza ba.

Lulong ta zo ta durƙusa a gabanta cikin fasassun kwalaben, tana kuka, tana tambaya. Empiang ta kafa wa leɓunanta ido har ta gama, sannan ta kamo hannun 'yarta ta ɗora a kafaɗarta.

"In randa ta yi shiru, nan babanki yake matsa min," ta ce. "Shekara biyar ke nan shi yake ji min komai."