Na Sha Ɗaya a Bepoase

Ofosu Dankwa ya gama ɗaure igiyar takalminsa ke nan, sai ya ji an danna kwaɗo a ƙofar ɗakin canza kaya, daga waje.

"Nana, me ke nan?"

"Zauna, ɗana," in ji Nana Twumasi, shugaban kulob ɗin Mikiyoyin Bepoase. "Boka ya ce ƙungiyar da ɗan wasanta na sha ɗaya ya riga taka fili, ita za ta sha kashi. Ga Masunta can sun fito su goma. Nasu yana ɓoye a ɗakin da ke jikin naka. Yana fitowa zan buɗe ka."

Ranar ce wasan ƙarshe na kakar bana. In Mikiyoyi ba su ci ba, sun faɗo daga babban rukuni. Su kuwa Masuntan da suka taso daga bakin teku, kunnen doki ya ishe su. Tun tsakiyar mako ake raɗe-raɗin zazzaɓi ya shiga sansaninsu, amma Nana ya ce dabara ce. Da motarsu ta iso a makare, labule a sauke, ta manna gindinta da ƙofar ɗakin baƙi don kada a ga masu sauka, sai kowa ya gyaɗa kai. Bencinsu ma babu kowa. Aka ce sun bar 'yan canji a mota don gudun asiri.

Alƙali ya hura usur. Dankwa, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a kakar nan, ya zauna a kan benci yana kallon bango.

Ɗakin ba shi da taga, sai 'yar tazara tsakanin bango da kwano. Ta nan ihun jama'a ke shigowa, ta nan kuma yake jin muryar uwarsa daga bakin ƙofar fili tana tallan dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi. Da cinikin ranakun da manyan kulob ke zuwa ta raine shi. Ƙaramin rukuni ba ya tara mutane.

Can sai ya ji ƙaras, ƙaras, takalmin ƙwallo a kan siminti, a bayan bangon. Tafiya ce mai nauyi, ba gaggawa.

"Kai ne Dankwa mai ƙafar hagu?" wata murya mai kauri ta tambaya.

"Ni ne. Kai fa?"

"Agbeko."

"Ban taɓa jin ka ba."

"Ko'ina suka je ina nan, ba a dai lura da ni. Amma ku masu cin fufu, ba kwa gyara hanya ne? Ramin nan na bayan gada ya kusa karya mini baya."

"Fita ka miƙe shi a fili mana, mai warin kifi."

"Bismilla, kai ne mai gida."

Dankwa ya ji wani abu ya yi ƙara kamar ƙarafa a aljihun mutumin. Layu ne, ya ce a ransa.

Aka tafi hutun rabin lokaci, ba wanda ya shigo. Ƙungiyoyin biyu a tsakiyar fili suka zauna, don kada a taka abin da aka binne a hanya. Kwano ya ɗau zafi. Rigarsa mai lamba tara ta jiƙe sharkaf, alhali bai taɓa ƙwallo ba.

Da aka koma, ya fara gane wasan da kunne. Ihu ya tashi daga dama, ya san an yanko ƙwallo. Ihun ya yi sama, sannan ya karye ya zama nishi, ya san ta ratsa gaban raga ta wuce, daidai inda ya saba tsayawa. Aka sake. Aka kuma sakewa.

Ya faɗa wa ƙofar da kafaɗa. "Nana! Don girman Allah buɗe ni! Minti goma ma ya ishe ni!"

"Ka ji nasu ya fita?"

Ƙaras, ƙaras, takalmin ya amsa daga bayan bango.

"To, ka ji," in ji Nana. Bai taɓa kwaɗon ba.

Dankwa ya dafa bangon da goshi. "Agbeko, ɗan'uwana, kai ba ka jin ciwon zaman nan? Mu fita tare, ƙafa ɗaya."

Da muryar ta amsa, babu sauran tsokana a cikinta. "Na saba zaman jira, yaro. Ka yi haƙuri."

Usur na ƙarshe ya zo, dogo. Filin ya yi tsit, har ana jin kukan wata akuya daga nesa. Muryar mai dokunu ma ta ɗauke. Babu ci.

Nana ya buɗe kwaɗon bai dube shi ba. Dankwa ya fito, haske ya kashe masa ido, ya jingina da bango. Masunta suka wuce ta gabansa da gudu suna waƙa, suka ɗage labulen motarsu, suka leƙo ta tagogi. Su goman nan ne dai. Sauran kujerun duk wayam.

Sai ƙofar ɗakin baƙi ta buɗe. Wani tsoho mai furfura da ƙaton tumbi ya fito yana dafe da bayansa, ya tuɓe takalmin ƙwallon da ya matse masa ƙafa, ya zura silifa. Ya ɗan sunkuyar wa Dankwa da kai, sannan ya zaro tarin makullai daga aljihu, ya hau kujerar direba.