Robar da Ta Rage

Isyaku ya dire robar man bilicin a kan teburin likita har sai da murfin ya yi tsalle. Ita kaɗai ya ajiye, don shaida. Matarsa Husaina tana kwance a ciki, ana ƙara mata ruwa ta hannu biyu, jininta ya yi ƙasa har ba ta gane shi.

Ya san mai laifi: Tanko mai kayan kwalliya na kasuwar Tarauni. Tun a cikin adaidaita, daga Darmanawa har Gyaɗi-Gyaɗi, yake rantsuwa sai ya ga Tanko a bayan kanta.

Sama da shekara biyu ke nan da Husaina ta fara duhu, gwiwar hannu, layukan tafi, har dasashi. Ta rame, ta koma lasar gishiri kamar akuya. Mata suka sa ta a baki a gidan biki, ita kuwa ta garzaya wurin Tanko. Ta yi haske, ta murmure, tana hawa bene ba haki. Isyaku bai ga wannan ba. Shi dai warin man, da kunyar a ce matar malamin makaranta guda tana bilicin! Ya yi nasiha, ya yi faɗa. Waccan Juma'ar haƙurinsa ya ƙare, ya yi maganin abin. To amma guba ai ta riga ta shiga jini.

"Likita, rubuta min wannan ne ya kwantar da ita. Wallahi sai kotu ta raba mu."

Likitar ta juya robar, ta karanta, ta haɗe rai.

"Malam, ciwonta ya girmi man nan. Garkuwar jikinta ce ta cinye wasu 'yan tsokoki da ke saman ƙoda, masu ba jiki sinadarin da ke riƙe jini da ƙarfi. Shi ya sa ta yi duhu. Man nan ba abin kirki ba ne, amma akwai irin sinadarin a ciki, yana ratsa fata. Shi ya riƙe ta shekara biyu. A yanke mata shi rana ɗaya, ai kisa ne! In Allah ya tashe ta, sai ƙwaya kullum. Me ya sa ta daina?"

 Yatsun Isyaku suka taɓo wani abu a aljihu: ashanar da ya ƙone sauran robobin da ita waccan Juma'ar, Husaina na durƙushe tana roƙon ya bar mata ko ɗaya.