Wa Ya Rage Faɗin Ramin?

Ramin ya tsuke. Na rantse jiya ya fi haka faɗi.

Na tsayar da ɗan mutumin da nake sa wa tsalle, na dubi saman allo. Rai biyar. Alhali Yaya da bakinsa ya ce wasan kwamfutar nan da yake ginawa rai uku ne, ba sassauci. Kuma sai na gama shi ba taimako zai sa sunana a ciki.

Wato tausayina ya ji. Na tashi na same shi.

"Yaya, raini ne? Wa ya ce ka sauƙaƙa mini?"

"Ke 'Yar Littafi, ban taɓa komai ba," ya ce yana dariya. "Wasan ne da kansa yake sassautawa in mutum ya faɗa rami ɗaya sau ɗari. Ba abin kunya ba ne."

"Sau ɗari? Ni sau bakwai na faɗa, a na takwas na tsallake. Ina rubutawa."

Dariyar ta ɗauke. Mu biyu kaɗai muke taɓa kwamfutar nan.

Yaya ya sosa ƙeya, ya jawo mini kujera.

"Don Allah, ƙanwata, ta ina ake tsallake ramin nan?"