Harafin da Ya Naɗe Wutsiya

Ina aji biyar a firamare a Ƙaraye aka sa ni goge tafiretar ofis bayan an tashi. A jikin wani maɓalli na ga harafin “a” ya naɗe kansa da wutsiya, haka: @. Na tambayi Malam Habu, malamin Turanci, wanda ko a zafin bazara ba ya rabuwa da laktaye.

Ya daɗe yana kallon alamar, sannan ya ce, “Kuskuren maƙera ne. Ba ta da suna, ba ta da amfani, kamar tambayarka.”

Daidai nan Baba ya shigo ɗaukata, rigarsa na warin taki. Bai taɓa zama a aji ba. Ya gaishe da Malam har da rusunawa, ya leƙa tafiretar.

“Malam, ai na san ta. Akawun sito ‘at’ yake ce mata. Tsakanin buhu da farashi yake sa ta, wato kowane ɗaya a kan kaza.”

“Dattijo, ka tsaya kan takinka, ka bar wa masu ilimi karatu.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba kuwa ya ce, “Allah ya huci zuciyarka,” ya ja hannuna.

Sai da ya goya ni a keke muka hau hanyar gida ta Kurugu sannan ya yi magana. “Ka lura? Bai sani ba, kuma bai iya faɗa ba.”

Yau alamar tana jikin allon shagona. Duk mutumin da bakinsa ke nauyin cewa “ban sani ba”, ko buhun dusa ba na ba shi ajiya.