Jan Hannun Agogo

Babana mai gyaran agogo ne a Makera. Ina 'yar shekara bakwai ya sayo wata rediyo mai agogo a goshi, a gwanjon kayan wani Baturen reluwe da zai koma gida. Agogon ya tashi tun ranar farko. Rediyon kuwa, mako uku ko tari ba ta yi ba.

Ran nan na kai masa abincin rana, shagon sai warin dalma yake.

"Ta mutu, Ladi," in ji shi. "In na dawo daga sallar La'asar zan farke ta, in cire abin da zai yi amfani."

Ya bar ni gadi. A fuskar agogon akwai wani siririn jan hannu da ya kafe a kan shida, ba ya motsi. Haushinsa ya kama ni, na yi ta murɗa wani maɓalli har ya dawo kan huɗu.

Baba na shigowa, huɗu ta buga. Rediyo ta yi gyaran murya, sai ga kiɗan goge ya cika shago. Ashe Baturen ya saita ta ne ta tashe shi ƙarfe shida, lokacin da shagonmu yake kulle.

Baba ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire takalmi ɗaya, ɗayan yana ƙafa.

"Ba mutuwa ta yi ba," ya ce a hankali. "Lokacinta ne ba mu sani ba."

Bayan na girma na yi aure, ɗana na fari ya shekara huɗu bai ce uffan ba. Dangi suka fid da rai. Ni kuwa maganar nan na riƙe, har safiyar da ya ja zanena ya ce, "Inna, ruwa."