Rabin Ajina Yana Barci

Maɓallin rigata na sama ya tsinke ina tsaye a ƙofar ɗakin taro, daidai lokacin da sakatare ya leƙo ya ce kwamiti na jirana. Na jefa shi aljihu, na dafe wuyan rigar da fayil, na shiga ina murmushi kamar wanda aka kira ya karɓi lambar yabo. Alhali an taru ne a yanke ko kwas ɗina zai rayu.

Kwas ɗin ni na ƙirƙiro shi, na raɗa masa suna Lissafin Yau da Kullum: yadda za ka auna wa yaro magani, yadda za ka san ko fenti zai ishi ɗaki, yadda za ka kama mai yi maka wayo da alƙaluma. Na yi ta cika baki a sashenmu cewa wata rana sai an ƙaro kujeru. Aka ba ni babban zaure can bayan ɗakin janareta, aka ce ba dole ba ne ga ɗalibai, kuma ko mutanen gari suna iya shiga. Ni kuwa aikina na kwantiragi ne, a kan kwas ɗin nan yake rataye. In ya faɗi, na bi shi.

Darasina na farko, wanda na maimaita har ya zame mini waƙa, shi ne: duk wanda ya ce maka kashi kaza cikin ɗari, kada ka tafa masa sai ka tambaye shi, na mutum nawa?

Ɗalibai suka zo makon farko, suka gane rashin zuwa ba zai hana su digiri ba, suka zame ɗaya bayan ɗaya har zauren ya zama wayam. Ranar da Shugabar Sashe ta gaya mini kwamiti zai zauna a kaina, na koma gida na kasa cin abinci, abin da ko zazzaɓi bai taɓa yi mini ba. Matata ta saurari kukana har ƙarshe, ta turo mini kwanon.

"Baban yara, wannan ne ya hana ka ci? Bar shi a hannuna."

Mace ce mai jama'a, ban yi mata musu ba. Mako na gaba halarta ta tashi, tashin da na danna wa kalkuleta ta ƙi ba ni amsa. Bayan shi kuma ta ninka.

Aji ne mai wuyar sha'ani, ba zan ɓoye ba. Rabinsa yana musu da ni a kan komai. Na ce fenti kaza zai ishi ɗaki kaza, aka tuna mini wani falo da fenti ya ƙare saura bango guda. Ko maɓallin nan, sai da aka gargaɗe ni a kansa ana tsakiyar darasi. Ɗaya rabin kuwa, da na kunna makirufo yake fara gyangyaɗi. Ni da nake korar ɗalibi a kan hamma, ban taɓa iya tayar da wannan rabin ba. Ko haɗa ido da shi ba na yi. Rage murya nake yi har ya farka don kansa.

To, ga ni gaban farfesoshi. Shugaban kwamiti ya ce ba sa son tarin takardu, in faɗi alƙaluma a taƙaice. Na faɗa. Halarta ta ninka cikin wata guda. Tun daga nan babu wanda ya janye. Kashi ɗari cikin ɗari sun ci gwajin tsakiyar zango. Kashi ɗari cikin ɗari mata ne. Rabin ajin ya haura shekara sittin.

Allah shaida, ko harafi ɗaya ban yi ƙarya ba. Na sunkuyar da kai ina jiran tambayar da na san za ta kashe ni, tambayar da na koya wa duniya da bakina.

Shugabar Sashe ta ce wannan ne ake kira jawo mata cikin lissafi. Wani ya ce ilimin manya ke nan a aikace. Sai tsohon farfesan ƙididdiga ya cire tabarau, ya goge, ya ɗaga yatsa. Na fara tunanin kwalin da zan zuba littattafan ofis.

"Malam, tambaya ɗaya ce da ni," in ji shi. "Zauren da aka ba ka, yana isar ku kuwa?"

Na ce muna dai maneji.

Aka sabunta kwantiragina, aka yi alkawarin duba mini zaure mafi girma. Na fito da farin ciki da kunya a cakuɗe, don na tabbatar babu masu bukatar kwas ɗin nan kamar waɗanda na baro a ɗakin, sai kuma ni.

Na yi wa ajin alkawari shi zai fara jin sakamako, kuma gaba ɗayansa yana jirana a wurin ajiye motoci. Na buɗe ƙofar motata na ce an yi nasara. Matata, a kujerar gaba, ta miƙo hannu in ba ta maɓallin, sannan ta juya baya ta taɓa gwiwar surukata.

"Mama, tashi. Surukinki ya ci, daga yau a gida za ki riƙa barcinki."